Ɗakin Ɗumi a Filin Sufaye

Ban yi nisa a makaranta ba. Ina 'yar shekara goma sha uku aka cire ni na shiga aikin tsinar dankali, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri. Sunana Enid Thurlow. Mijina Wilfred ya rasu a watan Maris na shekarar farin nan, alif ɗari tara da saba'in da shida, kuma maganar ƙarshe da na yi masa ƙarya ce. Ita nake so in rubuta tun kaina bai fara zubar da abubuwa ba.

Yana kwance a asibiti, bargo uku a kansa, yana ta kukan sanyi. Dama shi mai jin sanyi ne. Shekara hamsin ya yi yana haƙar lambatu a gonakin mutane, ƙafafunsa cikin ruwa, har sanyin ya shige ƙashinsa bai sake fita ba. Ya kama hannuna ya ce, "Yarinya." Haka yake kirana har na yi furfura. "Kada ki bari yayata Beryl ta kai ni maƙabartar coci. Wurin nan laima gare shi, ni na yi masa lambatu, na san shi. In an ƙona ni, ki kai tokar ɗakin ɗumi. Kin dai san wurin."

Na ce, "Na sani."

Ya rufe ido hankalinsa kwance. Ni kuwa ban san wurin ba.

Ɗakin ɗumin da yake nufi yana Filin Sufaye ne, bayan ƙauyenmu Skelby, tsakanin hasumiyar coci da rafi. Makiyaya ce ta tumakin Mista Gotts. Ko dutse ɗaya babu a tsaye a cikinta, sai ciyawa da ramukan zomaye. Amma a da can gidan sufaye ne, masu ibada na Kirista, kuma Wilfred ya san labarinsa kamar a ciki aka haife shi. A teburin cin abinci yake ba ni, ina guga ko ina feraye dankali, ina ta "uhm, uhm", rabin hankalina yana kan tukunya.

Ga abin da ya maƙale mini. Wata mata ce ta gina shi, shekara ɗari takwas da suka wuce. Mijinta mai ƙasar nan ne, ya nutse a fadama da dokinsa, ba a ga gawarsa ba. Tun da ba ta da kabarin da za ta je, sai ta kawo sufaye goma sha uku ta gina musu gida, su riƙa yi masa addu'a dare da rana. Ba sa aure, ba wanda yake da ko cokali nasa na kansa. Suna kiwon tumaki, suna ajiye kifi a tafki. Da babbar annoba ta zo, huɗu suka rage, kuma daga nan ba su sake wuce bakwai ba. Sai wani sarki da ya ɓata da Paparoma ya aiko mutanensa suka rufe gidan, suka kwashe dalmar rufin, suka sauke ƙararrawa. Sauran kuwa, in ji Wilfred, kakanninmu ne suka sace shi, amalanke bayan amalanke, har tsawon shekara ɗari. Dutsen dokin ƙofata daga can yake. Rabin bangon mashaya daga can yake. A ɗakin aladun Mista Gotts akwai wata fuska da aka sassaƙa, an gina ta kai a ƙasa, tana kallon aladu tun ban san yaushe ba.

Duk gidan nan, in ka cire madafa, ɗaki ɗaya ne ake hura wuta a cikinsa. Ana kunna ta farkon Nuwamba, a kashe ta ranar Juma'ar da ke gaban Ista. Nan ne kawai aka yarda su ɗan tsaya su gasa hannu, su shafa wa takalmansu kitse, su yi 'yar hira. Wilfred yakan ce, "Ki duba fa, yarinya. Mutum ya wuni a coci kan dutse, yatsunsa sun sandare, sannan a ce ga ɗaki ɗaya." In ya faɗi haka sai ya murza tafin hannunsa, ko da ana zafi.

Kowace Lahadi da la'asar mukan ratsa filin zuwa rafi, hannuna cikin nasa. Wilfred bai taɓa ratsa shi miƙe ba. Sai ya shiga ta wani wuri, ya cire hula, ya yi gaba, ya karya hagu, ya sake yin gaba, ya karya dama, a fili fetal babu komai. In na ja shi mu yanke, sai ya ce, "Ba a bi ta bango, yarinya." Na ɗauka wasansa ne na tsufa, ko da yake tun yana da baƙin gashi yake yinsa. A filin ba ya magana. Ni ce mai surutu, ina ba shi labarin tsadar nama da wadda ta yi faɗa da wa. Shekara biyar kafin ya rasu ƙafafunsa suka ƙi, muka daina zuwa.

Da aka ba ni tokar cikin ɗan akwatin katako, sai na nemi taimakon takarda. Akwai wani ɗan littafi da Rabaran Amory ya rubuta tun ina yarinya, kowane gida a Skelby yana da shi a aljihun tebur. A tsakiyarsa akwai zanen gidan: coci doguwa, kanta a gabas, sai tsakar gida mai baranda a gefen kudu, ɗakuna sun kewaye ta. Cikin watan Afrilu na ɗauki akwatin da littafin na tafi. Na tsaya a kudu inda zanen ya nuna, iska tana kaɗa takardar. Har na sa hannu zan buɗe murfin, sai na ji muryar Wilfred a kaina: "Rabaran daga kan kujera ya zana gidan nan. Bai taɓa soka shebur a filin ba. Ya ga sauran gidajen sufaye duk a kudu suke yin tsakar gida don su sha rana, shi ke nan ya kwafa." Wannan na tuna. Abin da ya ce bayan haka, inda ainihin wurin yake, shi ne ban saurara ba. Wataƙila madara ce ta tafasa a lokacin.

Na komo gida da shi na ajiye a kan kantar murhu.

Beryl yayarsa ce, ta girme shi da shekara huɗu, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba. Duk Alhamis takan zo da kek ɗin da ta gasa, ta zauna a kujerar Wilfred, ta kalli kantar.

"Har yanzu ƙanena yana nan kusa da gwangwanin shayi?"

"Yana nan, Yaya."

"Wata rana za ki tashi da magagi ki dafa mana shi."

"Da kuwa ya fi wannan kek ɗin naki laushi."

"Ji bakinta! Enid, ba wasa nake ba. Mama tana maƙabarta, Baba yana can, an bar masa wuri a gefensu. Mutum ya kwanta cikin danginsa, ba cikin kashin tumaki ba."

"Ya ce ɗakin ɗumi."

"To ina ɗakin? Nuna mini."

A nan take kama ni kullum. Watanni suka shuɗe a haka. Cikin Agusta ta zo ta ce ta gama magana da limamin coci, Lahadin ƙarshen wata za a sa akwatin a kabarin iyayensu. Ta ce, "Wata biyar na ba ki. Ni shekarata saba'in da shida, ina so in ga an kwantar da yaron nan kafin a kwantar da ni." Gaskiyarta ce, ba ni da wurin da zan nuna.

Duk wanda ya ga wannan shekara ba zai manta ta ba. Tun Yuni sama ta ƙi zubo ko ɗigo. Ruwan wanka muke kwarara wa wake a lambu. Ciyawa ta zama kamar tabarma, shanu suna cin abincin da aka tanadar musu na hunturu. Filin Sufaye kaɗai ya riƙe ɗan kore, saboda yana kwari kusa da rafi.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu, sai ga Mista Gotts a ƙofata, hularsa a hannu, gumi yana bin wuyansa. Shi ke riƙe da mabuɗin hasumiya, shi ke ɗaure agogon coci. Beryl tana nan, ta zo mu zaɓi furanni.

Ya ce, "Misis Thurlow, ki sa takalmi. Akwai abin da za ki gani, kuma daga sama kaɗai ake ganinsa."

Na ce, "Ni da hawa hasumiya? Kujera ma ba na takawa in sauya ƙwan lantarki."

"Gidan Wilf ne ya fito. Inda dutse yake a ƙarƙashi, ƙasar ba ta da kauri, ciyawar ta riga saura ƙonewa. Rediyo kuma ya ce ruwa na tafe ƙarshen mako. In ya sauka, shi ke nan, sai wani farin."

Beryl ta riga ni miƙewa. "Ni ma zan hau."

"Yaya, da waɗannan gwiwoyin?"

"Gwiwoyina sun haifi 'ya'ya biyar. Ke dai kula da naki."

"Da gwiwa ake haihuwa?"

"Wuce mu tafi, sarkin baki."

Matakala tamanin da huɗu ce, mai murɗawa, ƙunci kamar maƙogwaron kwalba. Mista Gotts yana gaba, ni a tsakiya, Beryl a baya tana haki tana cewa in na faɗo mata ba za ta yafe mini ba. Sau uku muka tsaya. A wajen ƙararrawa ta zauna a kan matakala ta ce a gaya wa liman ya haƙa ramin da ɗan faɗi, su biyu ne. Amma ta tashi.

Da muka fito sama, na kama bangon da hannu biyu, na daɗe ban yarda na buɗe ido ba. Da na buɗe, sai ga shi.

Kamar an ɗauki alli mai ruwan ƙasa an zana gida a kan koren mayafi. Ga cocin, doguwa, da hannuwanta biyu kamar gicciye, kanta a gabas. Har ginshiƙanta sun fito, ɗigo-ɗigo a jere. A kudu, inda na tsaya da akwatina cikin Afrilu, babu komai sai 'yan tabo ƙanana a layi. Mista Gotts ya ce yana jin kaburburan sufayen ne. Tsakar gidan kuwa tana arewa, murabba'i sak, da layi biyu na barandar da ta kewaye ta. Daga hannun cocin na arewa wani dogon gini ya miƙe har bakin rafi.

Beryl ta zaro littafin Rabaran daga jakarta, ta duba, ta juya shi kai a ƙasa, ta sake dubawa. "To! Ashe yaron nan ba hauka yake ba."

Mista Gotts ya ce, "Ruwa suka bi. Wilf ya sha gaya mini a mashaya. Madafa tana son ruwa, makewayi yana son ruwa, rafi kuwa a arewa yake. Sai suka haƙura da rana. Dubi can ƙarshen dogon ginin, inda ciyawar nan mai ƙaiƙayi ta yi duhu. Makewayinsu ke nan, har yau ƙasar ba ta manta ba. A saman dogon ginin suke kwana. Wancan na gefen arewa ɗakin cin abinci ne, ga madafa a kusurwa. Na yamma kuma rumbu ne da masaukin baƙi."

"Ɗakin ɗumi fa?" in ji Beryl.

Ya sosa ƙeya. "Wannan ne ban riƙe ba. Ɗakunan da yawa."

Da yawa kam. Na ƙirga tara, manya da ƙanana. An kawo ni har bakin gidan, amma ban san ɗakin ba.

Ina nan tsaye ina kallo, sai na lura layukan ba a haɗe suke duka ba. Nan da can akwai giɓi, inda kore ya ratsa. Akwai babba a ƙarshen cocin ta yamma, daidai inda muke shigowa fili daga hanyar ƙauye. Akwai wani ƙarami a bangon hagu, can gaba kusa da hannun gicciyen. Na bi su da ido. Shiga, a yi gaba, a karya hagu. Sai na ji gwiwar hannuna ta dama tana motsi ita kaɗai, kamar wani yana jan ta.

Na ce, "Ƙofofi ne."

"Me kika ce?"

"Ba komai, Yaya. Gobe da safe ki zo da takalmin tafiya."

Asabar ta waye da nauyi, sama ta yi fari-fari, ko ganye ba ya motsi. Mista Gotts ya kora tumakinsa can gefe. Na ba shi shebur ɗin Wilfred ya riƙe, ni na rungumi akwatin a hannun hagu. Daga ƙasa layukan ba su fito sosai kamar daga sama ba, amma ana ganinsu, faɗin kowanne ya kai taki guda, ciyawar tana ƙaras-ƙaras.

A bakin babban giɓin na tsaya. Shekara arba'in ban taɓa shiga nan ba sai da hannunsa a cikin nawa.

Beryl ta dube ni, ta yi tsaki, ta cusa hannunta cikin nawa. "Mu je. Amma kada ki saba."

Muka shiga. Mista Gotts ya cire hularsa ba wanda ya ce masa. Ashe abin da Wilfred yake yi ke nan duk shekarun nan, coci yake shiga, ni ina zaton kansa ke ƙaiƙayi. Muka bi tsakanin ɗigon ginshiƙan. Ban ƙirga taki ba, ban duba ƙasa ba, na bar jikina ya yi abin da ya saba. Da na ji lokacin karyawa hagu ya yi, na duba, ga ƙaramin giɓin a gabana. Muka fita cikin baranda. Beryl ta hangi inuwar wata bishiya ta nufi can kai tsaye, ƙafarta har ta ɗaga kan layin.

Na janyo ta. "Ba a bi ta bango, Yaya."

Ta mayar da ƙafarta. Ta san maganar waye.

Muka bi barandar gabas. Giɓi na farko a dama mai faɗi ne. Nan Wilfred yakan ɗan sunkuyar da kai ya wuce, bai taɓa shiga ba. Mista Gotts ya ce lallai ɗakin taro ne, inda ake binne shugabannin gidan. Na biyu siriri ne, muka wuce shi. A na uku ƙafata ta karya dama.

Ɗaki ne madaidaici, bai fi falona da madafata a haɗe ba. Na yi taki shida na tsaya, na juya, kamar yadda yake juyar da ni kullum. A nan yakan saki hannuna, ya cusa taba a lofensa, ya kunna, sannan ya kai hannuwansa baya ya tsaya yana lilo a kan dugadugansa. Ni kuwa ina cewa, "Wilf, ka rasa inda za ka sha taba sai tsakiyar iska?" Na waiga bayana. Layin bangon a wurin ya yi kauri ninki biyu, ya kumburo waje kamar ciki. Murhu ne. Duk Lahadin duniya mijina yana juya wa wuta baya yana gasa hannu, ni ina gefensa ina maganar tsadar nama.

Akwai ramin zomo a gefen kaurin. Mista Gotts ya tona ƙasar bakinsa da yatsa, ya ɗago wani ɓallin fale-falen yumɓu, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Ya miƙa wa Beryl. Ta juya shi, ta goge da babban yatsa, baƙin bai fita ba.

Ta ce, "Kullum shi ne a bakin murhu tun muna yara. Mama ta kore shi, ya zagayo. Har wandonsa ya taɓa ƙonawa." Ta share hanci da hankici. "To me kuke jira? Ku sa shi, kafin in sake shawara."

Ƙasar ta yi tauri kamar ƙarfe, sai da Mista Gotts ya hau shebur ɗin da ƙafa biyu. Ya yanke ciyawar murabba'i ya ɗaga ta gefe. Tsawon hannu ɗaya a ƙasa shebur ya yi ƙara a kan dutse, shimfiɗaɗɗe, ja-ja saboda tsohuwar wuta. Na durƙusa na taɓa shi. Zafin rana na wata uku ya ratsa ƙasa ya same shi, da ɗuminsa.

Na zuba tokar a kai da hannuna. Beryl ta yi Addu'ar Ubangiji, ta yi tuntuɓe a tsakiya, Mista Gotts ya ɗora mata. Ni ban yi addu'a ba. Na sunkuya ne kawai na gaya masa cewa ranar nan a asibiti ban sani ba, na dai faɗa ne. Aka mayar da ciyawar, Mista Gotts ya take ta da takalmi.

A hanyar fita Beryl ta ce, "Ke za ki gaya wa liman. Ni ba zan iya haɗa ido da shi ba, na sa mutum ya haƙa rami a banza."

"Ai kin ce a yi shi da faɗi. Ba zai yi asara ba."

"Allah ya shirye ki, Enid." Amma ba ta saki hannuna ba, kuma ta ƙofa muka fita.

Ruwan ya sauko ranar Lahadi ana tsakiyar sujada, har liman ya ɗaga murya don a ji shi. Kwana goma bayan haka filin ya koma kore shar, babu layi ko ɗaya. An ce wasu mutane daga jami'a sun zo da na'urar hoto a makare, suka hau hasumiya suka sauko. Littafin Rabaran yana nan ana sayar da shi a bakin ƙofar coci, tsakar gidansa a kudu.

Beryl ta rasu bayan shekara uku, tana kusa da mamarta. Ɓallin yumɓun yana kan kantar murhuna, inda akwatin ya zauna. Ni kuma duk Lahadin da ƙafafuna suka yarda nakan je. In shiga ta yamma, in yi gaba, in karya hagu, in wuce ƙofa biyu, in shiga ta uku. Tumakin Mista Gotts suna bi ta bango yadda suka ga dama, ban hana su ba. Nakan tsaya kamar minti biyar, hannuwana a baya, in ba shi labarin ƙauye.